Muryar Da Ya Gyara Min

Masu turo min saƙo kuna tambayar yadda ta kaya ranar gwaji, ku yi haƙuri, ba jan aji nake ba. Kwana tara ke nan ina buɗe wayar nan da niyyar rubutu, sai in tsinci kaina ina kallon bango. Yau dai na ce ko me zai faru sai na amayar da shi, don abin ya tsaya min a maƙogwaro, kuma maƙogwaron nan shi kaɗai na mallaka a duniya.

Wanda yau ya fara biyo ni, ga ni a taƙaice. Shekarata ashirin da biyar. Ina aiki a wani kantin magani, tsaye bayan kanta daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma. A gida Kanari ake ce min. Kada ku ɗauka yabo ne, Yayata ce ta laƙa min tun muna yara saboda ba na iya wanke-wanke baki a rufe. Burina guda ɗaya ne, in shiga ƙungiyar mawaƙan gidan rediyon garinmu. Sau biyu suke ɗiba a shekara, kuma ba sa ɗaukar wanda ya cika ashirin da shida. Wato ɗiba biyu suka rage min, ta watan nan da wadda za a yi nan da wata huɗu.

Umma ba ta taɓa son maganar ba. A wurinta 'ya mace a rediyo abin nuni ce da baki. Abba kuwa, tsohon ma'aikacin gidan waya, mutum ne mai magana ɗaya kamar hatimi. Da rigimar ta ishe shi ya tara mu a falo ya yanke hukunci.

"Sau ɗaya. Ki shirya iya shirinki, ki zaɓi ranarki da kanki, ba wanda zai sa miki baki. In sun ɗauke ki, ni zan kai ki ranar farko. In ba su ɗauke ki ba, an rufe babin waƙa a gidan nan."

Na ce na yarda. Umma ta taɓe baki ta ce ita ma ta yarda.

Wata goma ke nan da na fara zuwa wurin Malama. Ita ma shekara ashirin ta yi a ƙungiyar, kafin a yi mata aiki a maƙogwaro muryar ta tafi. Yanzu in tana magana kamar ana jan buhu a kan siminti. Ɗakinta yana saman wani shagon gyaran agogo. Tabarmar roba ce a ciki, da kujera ɗaya, da madubi mai tsagewa a gefe, sai ƙaramar fiyano ta lantarki wadda maɓallanta biyu suka mutu. Ranar farko na ci kwalliya, doguwar riga ruwan toka mai duwatsu a wuya, na shirya waƙa uku da zan burge ta da su. Ko baiti ɗaya ba ta bari na kai ƙarshensa ba.

"Kwanta."

"Na'am?"

"A ƙasa, rigingine. Ko rigar ce ba ta kwanciya?"

Na kwanta. Ta ɗauko wani ƙaton ƙamus ta ɗora min a ciki.

"Ja numfashi littafin ya tashi. In kafaɗarki ta motsa mu sake daga farko."

Wata guda cur, jama'a, ban rera komai ba, ƙamus nake ɗagawa da ciki. Daga nan aka koma kofin ruwa da bututun shan lemo, in riƙa hurawa ina fitar da sauti, kumfar kada ta yanke. Sai karkaɗa leɓe kamar babur zai tashi. Sai "sssss" ita kuma tana duban agogo. Da daƙiƙa goma sha biyu na fara, yanzu ina kai arba'in ban ga duhu ba. Ta hana ni ruwan sanyi, ta hana ni gyaran murya da ƙarfi, har raɗa ta hana ni, wai ta fi ihu gajiyar da maƙogwaro. A kanti nakan shige bayan kwalayen magani in yi burrr ɗina, har mai kantin ya taɓa leƙowa yana tambaya ko firij ne ya lalace.

Umma kuwa ta samu abin ba wa baƙi labari. "Wai gari guda take tsallakawa ta je a koya mata hura ruwa a kofi. Jariri ma ai ya iya."

Matsalata wuri ɗaya take. Kowace murya hawa biyu gare ta, ta ƙirji da ta ka, kuma tsakaninsu akwai wani ɗan wuri da Malama ke kira gada. Ni in ina hawa, da na iso gadar sai muryar ta karye, ta yi wani ƙiii kamar ƙofar da ta shekara ba mai. Waƙar da gidan rediyon ke ba kowa ya rera a gwaji kuwa, baitinta na uku daidai kan gadar yake hawa, kuma sai an tsaya a can daƙiƙa shida.

"Ke da kin hango gada sai ki ƙara ƙarfi," in ji Malama. "Rage kaya. Saki haɓa, harshe ya kwanta, ki bar iskar ta kai ki."

A wata na tara, cikin hawa goma ina haye uku. Malama takan sa alama da fensir a bayan kalandarta. Ba ta taɓa ce min madalla ba, sai dai ta ce, "Uku. Sake."

To, sai Injiniya.

Kun san shi a rubuce-rubucena na baya, kun kuma san yadda na riƙa zuba muku yabonsa har wasunku suna cewa in tambaya ko yana da ƙane. Situdiyo gare shi, yana ɗaukar muryar mawaƙa. A kanti muka haɗu, ya zo sayen alawar maƙogwaro ya tarar ina ƙunƙuni da hanci ina jera kwalabe. Ya ce, "Wannan muryar ba ta kanti ba ce." Ni kuwa da ba a taɓa yaba min ba, sai na ji kamar an zuba min ruwa a tsakiyar zafi. Wata biyu tsakani ya zo ya gaida Abba. Rigarsa kullum a goge, kari a tsaye, turarensa yana riga shi shigowa. Ba ya zuwa hannu rabbana, ko lemo ne da ayaba sai ya riƙo wa Umma. Cikin ɗan lokaci ya zama ɗan gida, har Umma ta karɓi lambarsa tana ce masa ɗana.

Akwai ranar da na kai masa saƙo situdiyo na tarar yana aiki a kan waƙar wani saurayi. Muryar tana kan allon kwamfuta, guntu-guntu kamar an jera tsinken ashana, wasu sun hau layi wasu sun zame. Sai ya kama wanda ya zame da linzamin kwamfutar ya ja shi sama ya daidaita. Ya kunna. Saurayin da ɗazu yake kuka kamar akuya ya koma gwani.

Na yi dariya har da riƙe ciki. "Ashe haka kuke yi wa mutane?"

"Rabin waɗanda kike ji haka ake musu," in ji shi. "Amma ke ba kya buƙatar wannan."

Ku riƙe wannan maganar. Ni ban riƙe ta ba.

Shi ya kawo shawarar duk Asabar in riƙa zuwa yana ɗaukata, wai don in ji ci gabana da kunnena. Yaya takan raka ni, ta zauna a kujera tana danna wayarta. In shiga ɗan ɗakin nan mai soso a bango, in sa abin ji a kunne, in rera. Nakan ji kamar na karye a baiti na uku, in tsaya.

"Na fasa ko?"

"Ina? A kunnenki ne. Mutum ba ya jin kansa daidai. Bari ki ji anjima."

Kafin magariba sai ga saƙo. *Kanarina, saurari wannan ki gaya min wa ya isa.* In kulle ɗaki, in kunna a 'yar sifikar da ya saya min, baƙa mai zagayen haske shuɗi. Wayyo Allah. Murya ce sumul, ta hau gadar nan ta tsaya daƙiƙa shida ko rawa babu. Nakan saurara sau ashirin. In rubuta masa, *Wai da gaske ni ce?* Ya amsa, *Ke ce mana, zuciyata. Tsohuwar nan ce kawai ke danne ki.*

Asabar shida ana haka. Kaina ya kumbura ya fi ƙarfin ɗankwali. Da aka buɗe rajistar ɗibar watan nan shi ya fara turo min hoton sanarwar. *Me kike jira? Jira na marasa shiri ne.*

Ranar Talata na je wa Malama da takardar a jaka. Ban ko cire takalmi da kyau ba na ce, "Malama, zan shiga ta watan nan."

Ba ta ɗago daga fiyanon ba. "Ta wata huɗu za ki shiga."

"Na shirya."

Ta juyo da kalandar ta nuna min da fensir. "Huɗu cikin goma. Wannan shi ne shiri? In aka ce miki mota tana isa gari sau huɗu cikin goma, za ki hau?"

Na ciro waya na kunna mata. Ta saurara ido a rufe har ƙarshe, sannan ta ce, "Wace ce wannan?"

"Ni ce mana."

"Wannan ba ta numfashi. Ni kuwa wata guda na yi ina koya miki numfashi, na san ƙararsa. Ɗakin wanka ma yana yi wa kowa murya, 'yar nan. Rera min a nan, yanzu, ba waya."

Na rera. Na karye. Na ce ai ita ce take tsorata ni da idonta. Sannan bakina ya kwashe ni, na faɗi abin da har in mutu ba zan daina jin kunyarsa ba.

"Malama, ko don taki ta tafi ne ba kya son tawa ta fita?"

Ta kai hannu ta taɓa tabon da ke wuyanta, wanda kullum take rufewa da gyale. Ba ta yi faɗa ba. Ta tashi ta ɗauraye kofina, ta sa bututun a ciki, ta miƙo min.

"Ruwan ɗumi da safe. Kada ki yi ta magana ranar. Allah ya ba da sa'a."

Na sauko matakalar nan ina jin kaina jaruma. Na rubuta masa, *Na gaya mata gaskiya.* Ya turo min hoton zuciya guda uku.

Ranar gwaji na sa riga kore mai faɗin hannu, wadda ba ta matse ciki, da farin mayafi da takalmi mara tsini, don Malama ta ce ƙafa sai ta kama ƙasa kafin murya ta tashi. Kun ga, ko ina fushi da ita maganarta nake bi. Abba ya sa babbar hularsa ya ja motar da kansa. Abin mamaki, Umma ta ce ita ma za ta. Har ta gyara min mayafi a mota, ni kuma zuciyata ta karye, na ce ashe ta sauko. Injiniya bai zo ba, wai yana da mawaƙa. Saƙo ya turo: *Je ki nuna musu.*

Ɗakin gwajin fili ne fetal. Babu soso a bango, babu abin ji a kunne, babu kwamfuta. Teburi ne da mutum uku, maza biyu da wata mata mai tabarau, sai mai kaɗa fiyano a gefe. Su Abba suna kan benci a baranda, ƙofar kuwa falle ɗaya ce, ko tari aka yi sai sun ji.

Baiti na farko ya fita lafiya. Na biyu ya fi shi, har na ga matar ta ajiye biro ta ɗago. Na ja numfashi tun daga ciki, na hango gadar tana tahowa, na tuna muryar nan ta cikin sifika, na ce ai ni ce, na danna da dukkan ƙarfina.

Ƙiii.

Mai fiyano ya ɗaga hannu. Ɗaya daga cikin mazan ya sunkuyar da kai yana gyara takarda.

"Ki sake daga baiti na uku," in ji matar.

Na sake. Wannan karon ma ban kai tsakiyar ba ta watse, ta bar ni da baki buɗe babu sauti. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Matar ta cire tabarau. "Numfashinki yana da kyau ƙwarai, ba kasafai muke samun haka ba. Duk wanda yake koya miki ya san aikinsa. Kin dai yi sauri ne. Ki koma ki ƙarasa, ki dawo mana a ɗiba ta gaba."

Ɗiba ta gaba. Na ce na gode, na fito.

Muka shiga mota, muka wuce shataletale biyu. Sannan Abba ya dube ni ta madubi. Idonsa ya yi ja, wallahi ban taɓa sanin abin ya dame shi ba sai ranar.

"Kanari, magana ta ƙare ko?"

"Ta ƙare, Abba."

Umma ta dafa gwiwata. "Haƙuri za ki yi. Wani hanin ga Allah baiwa ne."

Muna isa na shige ɗaki da rigar da komai na kifa a gado. Kofina da bututun, da na ajiye kan taga, babu su. Har an kwashe. Waya ta yi ƙara: *Na ji, zuciyata. Ba su san murya ba ne. Ni kaɗai ma na ishe ki mai sauraro.* Na rungume wayar ina kuka, ina cewa Allah na gode da ka ba ni shi. Ku yi dariya in kuna so, ni ma yanzu dariyar nake, irin mai ɗaci.

Wajen biyar na yamma maƙogwarona ya bushe, na tashi neman ruwan ɗumi. Sabo ne, ko an rufe babi jiki bai sani ba. Duk wanda ya san Umma ya san ba ta kara waya a kunne. Saƙon murya a fili take sakinsa, ta jingina wayar da gwangwanin gishiri tana aikinta. Ina isa ƙofar kicin na ji muryarsa, sai na tsaya, har da ɗan murmushina, na zaci jaje yake mata.

"Umma, ina wuni. Na ji an dawo. To, kin ga kamar yadda na faɗa miki ne, ki kwantar da hankalinki. Wurin nan ban taɓa jin ta wuce shi da kyau ba sai na sa hannu na gyara. Amma gaskiya gara da aka yi yanzu, don kullum ƙara matsowa take. Da an bari ta kai wata huɗun da tsohuwar nan ta ce, wallahi da ta wuce. Ni kuma kin san abin da nake gani a wurin aiki, ba zan iya matata tana cikinsu ba. Kada a yi mata faɗa, ni zan lallashe ta. Gobe zan shigo wurin Abba a tsayar da magana."

Umma ta danna, ta matso da bakinta. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka rufa mana asiri."

Ban faɗi ba, ban yi ihu ba. Na koma ɗaki da sanɗa na zauna a bakin gado. Asabar shida. Yana zaune gaban allon nan yana kama muryata guntu-guntu yana ja, kamar ta saurayin da muka yi wa dariya tare, sannan ya turo min da hoton zuciya. Ungulu da kan zabo ya miƙo min, na karɓa hannu biyu ina godiya. Abin da ya fi ci min rai ba ƙaryar ba ce. Ya ji ina matsowa. Duk duniya, bayan Malama, shi kaɗai ke da kunnen da zai ji haka, kuma da ya ji sai ya yi sauri ya tare ni. Na tsane shi a lokacin, tsana irin wadda ban san ina da ita ba, kuma na tsani kaina fiye da shi.

Da Umma ta shiga wanka na ɗauki wayarta. Ni na saita mata ita, ba ta da makulli. Na tura wa kaina saƙon, na goge alamar, na mayar da ita jikin gwangwanin gishiri. A kwandon shara na ga kofina, bututun ya lanƙwashe. Na ciro su na wanke.

Washegari ban je kanti ba. Na hau matakalar Malama na ƙwanƙwasa ƙofa. Ta buɗe, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kin fasa a na uku."

"Sau biyu."

"Shigo."

Na durƙusa a kan tabarmar. "Malama, ki yafe min. Abin da na faɗa miki..."

"Na ji wanda ya fi shi daga bakin likita. Me ya kawo ki?"

Na kunna mata saƙon. Ta saurara ido a rufe, yadda take sauraron waƙa. Da ya ƙare ta girgiza kai.

"Ɗan banza, kunnensa dai yana da kyau. Wata huɗu, daidai ya lissafa."

Nan kukan ya ƙwace min. Ta bar ni na yi mai isata, ba ta lallashe ni ba, ta dai ɗora ruwa a wuta. Na ce, "Malama, mu ci gaba. Zan riƙa zuwa daga kanti, ba wanda zai sani."

"A'a."

"Don Allah, Malama."

"Ni murya nake gyarawa, ba na raba 'ya da iyayenta. Babanki ya ce sau ɗaya, kin ce kin yarda. Ba zan koya wa 'yar mutane a ɓoye ba, kuma muryar da ake ɓoyewa ba ta hawa gada. Ki zo min da yardarsa daga bakinsa, ranar Talata ƙarfe huɗu da rabi. In babu, ki ajiye kofin ki sha shayi da shi."

"In na gaya masa, Umma fa?"

Ta miƙo min ruwan ɗumin. "Wannan ba a cikin darasina yake ba."

Duk hanyar gida lissafi nake. Abba ya ce ba wanda zai sa min baki a zaɓen ranata, kuma an sa. In ya ji saƙon nan, na san shi, zai iya buɗe babin da ya rufe. Amma zai ji har da wadda aka yi wa saƙon, matar da ya shekara talatin yana yarda da maganarta. Uwata ce. Ita ta yi jinyata, ita ta gyara min mayafi a mota tana sane da ramin da za a kai ni. In na yi shiru, gida ya zauna lafiya, a tsayar da magana, in ƙare rayuwata ina yi wa mutum ɗaya ƙunƙuni a kicin, shi kuma yana ce min ba wanda ya isa.

Ina shan kwanar layinmu na hango motarsa. A ƙofar falo ga takalminsa baƙi, an goge shi yana ƙyalli, an jera shi daidai kusa da na Abba. Umma ta tare ni a tsakar gida, ta ci leshinta ruwan hoda na fita unguwa, fuskar nan fal fara'a.

"Ina kika shige tun safe? Ji idonki. Maza wanke fuska ki sa shuɗiyar rigar nan, ki ɗauki tire ki kai musu. Ɗana ya zo da magana mai daɗi."

"To, Umma."

Na wanke fuska. Na sa shuɗiyar rigar, na ja kwalli, na yafa mayafi. Na jera kofuna a tire da butar shayi da faranti na yankakken lemo. A gefen tiren na ɗora 'yar baƙar sifikar, na kunna ta, hasken shuɗin ya zagayo ya kama wayata.

Na yi sallama na shiga. Abba yana kujerarsa, carbi a hannu. Injiniya yana ƙasa kan kafet, kai a sunkuye, ladabi kamar ya zuba. Umma ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ɗago ya sakar min murmushin nan, da ya ga sifikar sai murmushin ya ƙara faɗi.

"Kanari ba ta rabuwa da ita, Abba. Ni na saya mata."

Na ajiye tiren a kan teburi, na durƙusa gaban Abba. Na kafa gwiwata a ƙasa, na saki haɓa, na ja numfashi tun daga ciki, kafaɗata ko motsi ba ta yi ba.

"Abba, kafin a tsayar da magana, akwai wani ɗauka da Injiniya ya yi jiya. Ina so ka ji."

Abba ya dubi Injiniya, ya dube ni. "Na ce an rufe babin waƙa."

"Ba waƙa ba ce, Abba."

A bayana na ji awarwaron Umma sun yi ƙara, ta kama ƙofa. "Kanari," ta ce a hankali, irin kiran da take min ina ƙarama in na doshi wuta.

Ban waiwaya ba. Na danna. Muryarsa ta cika falon, ɗanya, da numfashinta da komai, ba wanda ya gyara masa ita.

"Umma, ina wuni. Na ji an dawo..."

Carbin Abba ya tsaya.